Awon Ƙurar Samaniya: Matsalolinsa da Hanyoyinsa

Ƙurar samaniya ita ce ɓurɓushin dutse da ƙarfe wanda ke ɓalgacewa daga taurari masu wutsiya da sauran duwatsun da ke kewaya rana, ya riƙa faɗowa duniya dare da rana. Galibin ƙwayoyinta ba su kai ko kusa da girman ƙwayar gero ba. Masana sun daɗe suna neman sanin nauyin abin da ke faɗowa a shekara, amsar kuwa ta sha sauyawa.

Tushen matsalar shi ne, ita ma ƙasa tana da tata ƙurar. Alal misali, hazon hunturu, wanda kwarin Bodele na ƙasar Cadi ke cikin manyan mafaransa, ya isa ya binne ta samaniya har a kasa rarrabe su. Tilas ke nan mai awo ya nemi wurin da ƙurar ƙasa ta yi ƙaranci.

An fara da teku. Cikin taɓon da jirgin ruwan Ingila mai suna Challenger ya ɗebo daga ƙarƙashin teku tsakanin 1872 da 1876, John Murray ya tsinci 'yan dunƙulallun ƙwayoyi masu bin mayen ƙarfe, ya kuma danganta asalinsu da samaniya. Daga bisani Hans Pettersson, masani ɗan ƙasar Suwidin, ya tace iska a kan dutsen Mauna Loa na Hawayi, ya auna ƙarfen nikel da ya samu. A 1960 ya bayyana cewa abin da ke faɗowa zai iya kai tan miliyan 14 a shekara. Wannan adadi ya yi yawa ƙwarai, domin an ɗauki nikel ɗin duka a matsayin na samaniya, alhali akwai na ƙasa a ciki.

Sai aka koma sama. Kumbon Amurka mai suna LDEF ya zauna a sararin samaniya daga 1984 zuwa 1990. A 1993 Love da Brownlee suka ƙirga ramukan da ƙura ta yi wa jikinsa, suka ƙiyasta tan 40,000 a shekara. A 2021 kuma, bayan an narkar da dusar ƙanƙara an tace a kusa da tashar Concordia ta Antatika, Rojas da abokan aikinsa suka sami tan 5,200.

Haƙiƙa waɗannan adadi biyu ba abu guda suka auna ba. Na farko awo ne na ƙurar kafin ta shiga iskar duniya, na biyu kuwa na wadda ta iso doron ƙasa ne, bayan zafin gogayya da iska ya ƙone kaso mai yawa. Saboda haka, duk malami ko manazarcin da zai kawo ɗaya daga cikinsu a aji ko a rubuce, wajibi ne ya faɗi inda aka yi awon da kuma shekarar da aka yi shi.