Abin da ke Sa Rumbun Bayanai Nauyi

Kuɗin da mai POS ya tura daga Rimaye, ko lambar NIN da aka bincika a Kankia, duk sai sun bi ta rumbun bayanai da ke kan wata babbar kwamfuta, wato uwar garke, can nesa. Yawancin rumbunan bankuna suna bin tsarin da Edgar Codd na kamfanin IBM ya fitar a 1970: bayanai a jadawali daban-daban, lamba irin ta asusu ko BVN na haɗa wannan da wancan. A kansa aka gina Oracle da MySQL da PostgreSQL. Idan aiki ya tsaya akan ce babu netwok, alhali wani lokaci layin lafiya lau yake, rumbun ne ya yi nauyi.

Gyara yana farawa da awo. Injiniya yakan duba rajistar tambayoyin da aka yi wa rumbun waɗanda suka daɗe ba a amsa ba, ya ware mafi cin lokaci, ya sa umarnin EXPLAIN ya nuna masa hanyar da rumbun ke bi wajen nemo amsa. Cutar da aka fi tararwa ita ce rashin fihirisa. Jadawali mai layi miliyan goma sai an karanta shi kaf don nemo mutum ɗaya, kamar mai kanti da ke laluben sunan wanda yake bi bashi shafi bayan shafi. Da an sa fihirisa inda ya dace, sai amsa ta fito nan take. Ita ma idan ta yi yawa nauyi ce, domin duk sabon layi sai an shigar da shi cikin kowacce.

Sai kuma kulle. Yayin cire kuɗi, rumbun yakan kulle layin asusun har a gama, kada a ci kuɗi ɗaya sau biyu. Aikin da ya daɗe riƙe da kulle yakan tara jerin masu jira. Wani lokaci ayyuka biyu kowanne na jiran ɗan'uwansa, dole rumbun ya soke ɗaya. Maganin shi ne gajarta ayyukan.

Cunkoso ma na kawo cikas, kamar a farkon 2023 da sauya fasalin naira ya tura jama'a ga tiransifa. A nan ne ƙarin RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi ta kwamfuta, da faifai mai sauri, da kwafin rumbu na biyu don masu duba bayani kawai suke amfani. Amma sayen babbar na'ura kafin a gano tambayar da ke jan ƙafa asarar kuɗi ce.