Tafiyar Yini a Kan Duwatsun Birnin Gwari Lokacin Hunturu

Ƙasar Birnin Gwari, daga Kuyello a gabas har zuwa gaɓar kogin Mariga, daji ce mai doka da kaɗanya da taura da maje, ga duwatsu jefi-jefi sun ɗago kai sama da itatuwa. Ba su kai tsawon Chappal Waddi na Jihar Taraba ba, wanda ya fi kowane tsauni a Najeriya da mita 2,419. Duk da haka, wanda ya ƙudurta hawa uku ko huɗu daga cikinsu a yini guda, shi kaɗai, a tsakiyar hunturu, ya ɗauko aikin da lissafi ya fi ƙarfin ƙafa muhimmanci a cikinsa.

Dajin da duwatsunsa

Mafi shahara a yankin shi ne gandun dajin Kamuku. An keɓe shi a 1936 a ƙarƙashin hukumar En'e, sannan a 1999 ya zama gandun daji na ƙasa. Faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 1,120, kuma yana maƙwabtaka da dajin Kuyambana na Jihar Zamfara. A cikinsa akwai Goron Dutse, wani ƙaton dutse mai sulɓi da ke tsaye shi kaɗai, da Tsaunin Rema, inda manyan duwatsu suka hau kan juna har remaye suka mai da kogunansu gida, sai kuma wurin da ruwa ke kwararowa daga kan dutse a Dogon Ruwa.

Irin waɗannan duwatsu ragowar tsohon dutse ne mai tauri. Shekaru aru-aru ruwa da iska suna kwashe ƙasa mai laushi da ke kewaye da su, su kuwa suka tsaya. Shi ya sa ba a jere suke ba. Mai tafiya yana sauka daga wannan, ya ratsa ciyawa da kwazazzabo, sannan ya fara sabon hawa tun daga tushe.

Abin da hunturu ke kawowa

Daga ƙarshen Nuwamba zuwa Fabrairu iska na busowa daga arewa maso gabas, ɗauke da ƙurar Sahara, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi. A wannan lokaci ƙoramu sun janye, dutse ya bushe ba ya santsin gansakuka, rana kuma ta yi sauƙi. Wannan ne dalilin da ya sa lokacin ya fi dacewa da hawa.

Amma sauƙin nan yana da yaudara. Iskar ba ta da laima, don haka gumi na bushewa tun bai jiƙa riga ba. Mutum na ta asarar ruwan jikinsa bai sani ba, sanyi kuma ya danne masa ƙishirwa, sai ciwon kai da jiri su same shi a kan dutse. Hazo ma yakan rufe tsaunin da aka sa a gaba, har mutum ya rasa gabas da yamma. Ga gobarar daji, wadda ke hawa gangare da sauri fiye da yadda take tafiya a fili. Ga kasa da ke lafewa a cikin busasshen ganye, da zuma da ke kafa saƙa a tsagar dutse.

Lissafin yini

A Disamba rana na fitowa a wannan yanki wajen ƙarfe 6:45, ta faɗi wajen 6:15, wato haske na awa 11 da rabi. Wannan shi ne jarin mai tafiya. A 1892 wani mahayin duwatsu ɗan Sikotlan, William Naismith, ya fitar da ƙa'idar da har yau ake aiki da ita: awa ɗaya ga kowane kilomita 5, a ƙara awa ɗaya ga kowace mita 600 ta hawa. Ke nan tafiyar kilomita 20 da hawan mita 600 a jimlace za ta ci awa 5. Sai dai wannan lissafin mai lafiya ne a kan hanya shararriya. Idan aka sa ratsa ciyawa da hutu da salla da cin abinci, awa 8 ba ta yi yawa ba.

Don haka sammako wajibi ne. A fara da dutsen da ya fi wuya tun da hantsi, a yanke lokacin juyawa tun daga gida: in azahar ta yi, ko saura taku ɗari a kai ƙololuwa, a juya. Saukowa ta fi hawa haɗari, domin a lokacin ne gwiwa ta gaji, hankali kuma ya riga ya koma gida.

Guzurin ba shi da yawa: ruwa aƙalla lita 4, dabino da ƙuli-ƙuli ko dakuwa, rigar sanyi, rawani ko ƙyalle na rufe hanci, man kaɗe saboda faso, takalmi mai kama dutse, sanda da tocila.

Kaɗaici da tsaro

Mai tafiya shi kaɗai ba shi da mai ɗaukarsa in ya gurɗe, kuma waya ba ko'ina take samun sabis ba. Maharban yankin sun daɗe da sanin haka, shi ya sa suke faɗa wa na gida inda suka nufa da lokacin da za a sa ran dawowarsu.

Akwai kuma abin da ya fi wannan nauyi. Shekaru da dama 'yan bindiga sun mai da dazuzzukan Birnin Gwari maɓoya, mutanen Kuyello da ƙauyukan kewaye sun sha wahalar da ta hana su gonakinsu, balle hawan dutse. A Nuwamban 2024 gwamnatin Kaduna ta ƙulla sulhu da 'yan bindigar, aka sake buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari. Duk da haka, babu mai hankalin da zai shiga dajin ba tare da izinin ma'aikatan gandun daji da shawarar dagaci da rakiyar ɗan gari ba. Matambayi ba ya ɓata. Gwanin wannan tafiya shi ne wanda ya san ranar fita, ya san lokacin juyawa, ya kuma yarda cewa wata rana zama a gida shi ne daidai.