Kwamitin Binciken Kuɗi: Garkuwar Ƙungiyoyin 'Yan Kasuwa a Bodija

Tun cikin 1916 da aka kafa unguwar Sabo a birnin Badun, amana ita ce babban jarin Bahaushe a ƙasar Yarabawa. Wani masani mai suna Abner Cohen, wanda ya zauna da mutanen Sabo ya kuma wallafa littafi a kansu cikin 1969, ya bayyana yadda fatake ke kawo shanu daga Arewa, dillalai su sayar wa mahauta bashi, mai gida kuwa ya tsaya lamuni har kuɗi su fito. A wancan zamani sunan mutum shi ne takardarsa.

Amma da aka buɗe Kasuwar Bodija cikin 1987, aka tattaro masu kayan abinci wuri guda, sai harka ta yi girman da sanayya kaɗai ba ta iya riƙe ta. Masu wake da masu albasa da sauransu kowa da ƙungiyarsa, kowace ƙungiya kuwa da asusunta, wanda kuɗin shiga da na wata-wata da na tara ke zuba a ciki. Da wannan asusu ne ake tallafa wa wanda motarsa ta faɗi da kaya, ko gobara ta cinye masa rumfa. Rikicin Kasuwar Shasha na watan Fabrairun 2021, inda 'yan kasuwa da yawa suka yi asarar dukiya, ya isa ishara game da ranar da ake bukatar irin wannan ajiya.

To, wa zai tabbatar kuɗin suna nan? Wannan shi ne aikin kwamitin binciken kuɗi. Sharaɗi na farko shi ne babban taro ne zai zaɓe shi, ba shugaba ba, kuma ma'aji da sakatare ba su shiga cikinsa, don mutum ba ya zama alƙalin kansa. Aikinsa shi ne ya gwada rasit da littafin ma'aji, ya gwada littafin da takardar banki, ya duba ko da hannu biyu ake fitar da kuɗi, sa'an nan ya karanta abin da ya gano a gaban kowa, da harshen da kowa ke ji.

Doka ma ta san da wannan. Dokar kamfanoni ta 2020 ta wajabta wa kamfanin da jama'a ke da hannun jari a cikinsa kwamitin mutum 5, watau 3 daga masu jari, 2 daga darektoci. Ba ta ɗora wa ƙungiyoyin kasuwa wannan tsari ba, amma a lokacin da aka kafa ta, ta tanadi cewa duk wadda ta yi rajista da amintattu ta riƙa miƙa bayanin kuɗinta ga hukumar rajistar kamfanoni, ta kuma ba hukumar ikon dakatar da amintattun in an sami almundahana.

Wasu dattawa kan ɗauki bincike a kan rashin kunya ne. Alhali kuwa ma'aji mai gaskiya shi ya fi kowa amfana, gama ranar da tsegumi ya tashi, rahoton kwamiti ne zai wanke shi. Ƙungiyar da ta yi sakaci kuwa, ranar da asusu ya ɓace, ba kuɗi kaɗai za ta rasa ba, har da zumunci. Rigakafi dai ya fi magani.