Dattijai da matasa wajen ba da taimako: abin lura ga masu tara gudummawa

Wannan ƴar takarda tana duba wata tambaya da ake yawan ji daga bakin masu tara gudummawa a Maraɗi, Damagaram da Yamai: shin matasan yau sun fi iyayensu rowa, ko kuwa hanyar bayarwa ce ta sake? A Amurka, inda aka fi yin rubutu bisa wannan batu, ana raba masu bayarwa ta shekarar haifuwa: na 1946 zuwa 1964, na 1965 zuwa 1980, sannan na 1981 zuwa 1996. Wannan rabo daga tarihin ƙasarsu ya fito, wato yawan haifuwar da ta biyo bayan yaƙin duniya na biyu. Ba daidai ba ne a ɗauko shi haka nan a aza bisa ƙasar da kusan rabin jama'arta ba su kai shekara 15 ba. Abubuwan da suka raba tsara da tsara a nan su ne yunwar 1973-74 da ta 1984, Taron Ƙasa na 1991, rage darajar sefa a Janairun 1994, da shigowar salula.

Dattijon da ya yi wayo kafin 1991, mutum yake bai wa, ba aiki ba. Zakkarsa ta gona, dami ɗaya cikin goma, da ta dukiya, ɗaya cikin arba'in, tana zuwa hannun malamin da ya sani, ko gwauruwar unguwa, ko dangin da suka rasa. Guy Nicolas a cikin Don rituel et échange marchand dans une société sahélienne, da Emmanuel Grégoire a cikin Les Alhazai de Maradi, dukansu na 1986, sun nuna yadda kyauta take ɗaure da matsayi: attajiri yana gina masallaci, yana biya wa wani kujerar Makka, yana raba hatsi da azumi, ta haka yake tara abin da ake kira arzikin mutane. Kada a ɗauka wannan yana rage tsarkin niyya. Mai bayarwa yana neman lada, yana kuma neman jama'a, bai ga saɓani tsakaninsu ba. Irin wannan mutum ba ya neman takardar shaida. In ma aka miƙa masa ita, yana iya jin kamar an ce ba a yarda da juna ba.

Canjin ya fara tun kafin salula. Ƙungiyar Izala, da aka kafa a Jos a 1978, ta samu karɓuwa tsakanin ƴan kasuwar Maraɗi cikin shekarun 1980, tana sukan ɓarnar biki da kuɗɗin da ake kai wa malamai don neman asiri, tana karkata hannun mabiyanta zuwa ga makaranta da masallacin ƙungiya. Bayan 1991 ƙungiyoyi suka yawaita, samariyar zamanin Kunce ta mutu, fada ta samari ta bayyana a bakin titi. A shekarar nan ta 1991 ce kuma CARE ta fara Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi, inda mata suke zubi duk mako, a buɗe akwati gaban kowa, a ƙidaya. Wanda ya tashi cikin wannan yanayi ya saba da kwamiti, da ma'aji, da lissafin da ake karantawa a fili. Yau in ya tura dala ɗari ko jika guda ta Airtel Money ko ta Nita don aikin tiyatar wani da ya gani a WhatsApp, bai san marar lafiyar ba, kuma abin da yake jira shi ne hoton rasit.

A nan ne ya kamata mai bincike ya yi hattara. Ƙarancin abin da saurayi ke bayarwa ba lalle halin tsararsa ba ne, yana iya zama halin shekarunsa kawai. Wanda bai mallaki nisabi ba, zakka ba ta hau kansa ba. Ɗan abin da yake samu kuma yana tafiya ga uwa, ga kuɗɗin lakkwal na ƙanne, abin da babu rajistar ƙungiyar da ke rubuta shi. Alhajin yau ma yaron shago ne jiya. Abin da muke ganin ya sake da gaske shi ne shaidar da mai bayarwa yake nema kafin ya yarda.

Mai tara gudummawa da ya aika wa dattijo wasiƙa ko saƙon waya ya ɓata lokacinsa. Sai ya taka da ƙafarsa, tare da wanda dattijon yake jin kunya, ya kuma dace da kaka ko azumi. Wajibi ne ya bambanta zakka da sadaka, domin aya ta 60 ta Suratut Tauba ta ƙayyade kashi takwas na masu cin zakka, kuma mafi yawan malaman Malikiyya ba su halatta a gina masallaci ko aji da ita ba. Irin wannan aiki sai da sadaka ko waƙafi. Ga matasa kuwa, kuɗɗin kaɗan ne, masu bayarwa da yawa, ladan turawa yana cin wani kashi, saboda haka tarawa ta hannun shugaban fada ko ƙungiyar ɗalibai ta fi arha. Sau da yawa ma ƙarfinsu ya fi aljihunsu amfani, kamar a yashe kwata kafin damina ko a ba da jini.

Wahalar tana ga ƙungiyar da ke son ɓangarorin biyu a lokaci guda. Hoton marar lafiya da jerin sunayen waɗanda suka bayar, da ke kwantar da hankalin saurayi, tonon asiri ne a idon dattijo, na mai karɓa da na mai bayarwa. Wasu kwamitocin masallatai suna bin hanyar tsakiya: a karanta jimillar da aka samu da yadda aka kashe ta bayan sallar Juma'a, a ɓoye sunan wanda ya roƙi a ɓoye. Littattafan lissafin irin waɗannan kwamitoci, inda aka adana su shekara da shekaru, su ne za su bai wa ɗalibi damar bin mutum guda daga ƙuruciyarsa zuwa girmansa, ya ga ko hannunsa ya sake ko aljihunsa ne ya cika.