Tsohon kibod ya daina aiki: inda ake dubawa kafin a kwance shi

A shekarar 1985 kamfanin IBM na Amurka ya fito da kibod ɗin da ake kira Model M, kuma har yau akwai masu bugun rubutu da shi. Nauyinsa ya kai kilo 2 saboda farantin ƙarfen da ke cikinsa, kuma ƙarƙashin kowane madanni akwai ɗan sifirin da ke lanƙwashewa ya yi ƙara idan an danna. Ba kasafai irinsa ke mutuwa gaba ɗaya ba. An fi lalata shi wajen gaggawar kwancewa, alhali yadda ya daina aikin yakan nuna inda matsalar take.

Wani lokaci ma lafiyarsa ƙalau. Wanda ya sayi kibod mai tsarin Faransa, wato AZERTY, kamar waɗanda suka cika ofisoshi a Nijar da Chadi da Kamaru, ya danna A sai Q ta fito, kwamfutarsa ce aka saita a kan tsarin QWERTY. A saitin harshe ake gyara wannan.

Idan babu madanni ko ɗaya da ke amsawa, waya da mahaɗi ne abin zargi. Yawancin waɗannan kibod suna da mahaɗin PS/2, mai zagayayyen baki, wanda ya fito a 1987. 'Yar adafta mai arha da ke sauya bakin kawai zuwa USB ba za ta yi ba, sai mai na'urar fassara a cikinta. Ko cikin irin waɗannan akwai masu gazawa, domin Model M ya fi sababbin kibod jan wuta. Sannan a kashe kwamfuta kafin a soka mahaɗin PS/2 ko a zare shi.

Madanni ɗaya tak da ya maƙale yawanci datti ne, kuma duk wanda ya san ƙurar hunturu ba zai yi mamaki ba. A cire kansa, a wanke da ruwan ɗumi da sabulu, a bari ya bushe sarai. Wajen mayarwa a tabbata sifirin ɗin ya tsaya a tsakiyar raminsa. Idan an danna ba a ji ƙara ba, bai zauna daidai ba; a sake cirewa, kada a matsa da ƙarfi.

Babban aiki shi ne idan madannai da yawa suka mutu tare. A cikin kibod akwai siraran ledoji masu zanen hanyoyin wuta, a tsaye da a kwance, kowace hanya tana ɗauke da madannai da dama. Shayi ko ruwa ya ci hanya ɗaya, duk na kanta sun tafi. Ana gano inda ta yanke da mita, a haɗe ta da fentin azurfa mai ɗaukar wuta. Amma Model M na da ciwon tsufa nasa na daban: ƙusoshin roba ne ke matse ledojin a jikin farantin ƙarfe, kuma da shekaru sukan karye. Idan aka girgiza kibod aka ji gutsattsari na kaɗawa a ciki, kuma madannan gefe guda sai an matsa sosai suke amsawa, to su ne.

Buɗe jikinsa na buƙatar siririn makwancin noti mai milimita 5.5. Idan ƙusoshi kaɗan ne suka karye a warwatse, gara a bar shi haka. Idan sun karye da yawa a wuri guda, sai a huda gurbin kowace a ɗaura ƙaramin noti. Aikin yini ne, kuma wanda zai raba farantin da ledojin ya fara ɗaukar hoto da waya, domin sifirin sama da 100 ne zai mayar ɗaya bayan ɗaya.