Telolin Gaya da Ɗinkin Takunkumi

Tela a Gaya bai saba rasa yadi ba. Garin a bakin Kwara yake, gada ce kawai ta raba shi da Malanbil ta ƙasar Benin, Kamba ta jihar Kebbi kuma ga ta nan kusa. Shekara da shekaru kayan da aka sauke a tashar jiragen ruwa ta Kwatano ta nan suke shigowa Nijar: dilolin gwanjo, atamfa, shadda, zare, maɓalli. Wani a wuce da shi Dosso da Yamai, wani a karkata da shi Najeriya. Hausawa da Dandawa da Zabarmawa masu keken ɗinki duk a wannan hada-hada suke cin abinci.

Sai dai shekarar 2020 ta iske su da rauni. Tun watan Agustan 2019 Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, ciniki ya ja baya a Gaya. Ana cikin wannan, ranar 17 ga Maris 2020 Shugaba Mahamadou Issoufou ya ba da sanarwar rufe iyakoki da makarantu da hana taruka saboda cutar korona, ranar 19 ga wata kuma aka bayyana mutum na farko da ya kamu a ƙasar. Ga tela, wannan sanarwa ma'anarta a fili take. Babu biki, babu anko, babu kayan 'yan makaranta. Manyan motocin kaya ne aka bari suna ƙetare gada, kuma a Kwatano, inda direbobin suke ɗauko kaya, gwamnatin Benin ta wajabta rufe baki da hanci tun 8 ga Afrilu. Takunkumin kantin magani ya yi wuya a duniya baki ɗaya: tun farkon Maris Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce farashin takunkumin asibiti ya ninka sau shida. Talaka ba shi da inda zai nufa sai shagon tela, kamar yadda aka yi a Yamai da Kano da Maraɗi.

Wanda bai san ɗinki ba zai ɗauka ɗinkin takunkumi ƙaramin aiki ne, irin wanda ake miƙa wa yaron shago ya koyi taka keke. A gaskiya yaran shago ne suka ɗinka da yawa daga ciki. Amma a zauna kusa da maigida a ga yadda mai kyau yake fita. Zai shimfiɗa yadi a kan tebur, ya auna santimita 20 tsawo da faɗi, ya zana da alli, ya yanka. Yadi ɗaya na atamfa yana ba da irin wannan yanki kamar 20, wato in ninki uku za a yi, takunkumi shida ke nan da ɗan saura. Zai haɗa ƙyallayen, ya zagaye su da ɗinki ta bai, ya bar 'yar ƙofa ya juyo fuskar waje. Daga nan sai dutsen guga, na gawayi in an ɗauke wuta. Da shi ake kwantar da tattara, a danne ta sosai, ta yadda in an buɗe za ta hau daga karan hanci ta sauka ƙarƙashin haɓa. In tela mai kula ne, zai zura 'yar siririyar waya a cikin kalmasar sama, don mai sawa ya matsa ta ta bi siffar hancinsa. Sai roba ta kunne, ko igiya ta ɗauri a ƙeya. Mata masu hijabi da ɗankwali sun fi jin daɗin igiyar, haka ma duk wanda zai wuni da shi, domin roba tana cin bayan kunne.

Wahalar aikin tana a wurin da ido ba ya gani. Ranar 27 ga Maris 2020 hukumar ƙa'idojin sana'a ta Faransa, AFNOR, ta fitar da tsarin ɗinkin takunkumin yadi, wanda ya yaɗu a ƙasashe masu amfani da Faransanci. Abu guda a cikinsa ya saɓa wa hannun tela: an hana ɗinkin da ke ratsa tsakiya daga hanci zuwa haɓa. Wannan yanka mai ƙoƙo shi ya fi kyau a fuska, shi ya fi shiga kasuwa, amma ramukan allura suna faɗawa daidai inda numfashi ke fita. Ranar 5 ga Yuni Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙara da nata bayani: ninki uku, kowane da aikinsa. Na ciki ya zama auduga mai shan danshi. Na tsakiya ya zama matata, daga irin yadin roban nan da ba saƙa shi aka yi ba, mai kama da na jakar cefane mai laushi. Na waje ya zama wanda ruwa ba ya kama shi da sauri, irin yadin poliyesta. A gari mai dilolin gwanjo da ragowar yadi a kowane shago, samun auduga da poliyesta ba matsala ba ne. Na tsakiyan ne ke da wuya, kuma tela da yawa sun maye gurbinsa da wani ƙyallen auduga mai matsattsiyar saƙa, wanda ya fi babu nesa ba kusa ba.

A nan ne tela da mai saye suke rabuwa. Afrilu a Gaya tsakiyar bazara ce, zafi yana haura digiri 40, ga azumin shekarar ya kama a ƙarshen watan. Mutum zai tsaya bakin shago ya ce, "Maigida, don Allah a yi mini marar nauyi, wanda ba ya toshe numfashi." Hajiya za ta aiko da ragowar leshinta ta ce a fitar mata da wanda zai shiga da kayan Sallah. Leshi kuwa huji ne aka yi wa ado, sai in an yi masa shafi biyu a ciki yake zama takunkumi. Wani kuma ba cuta ce a ransa ba, abin da zai nuna wa jandarma a shinge yake nema, ko falle ɗaya ne. Telan da ya ce sai ninki uku yana kashe yadi sau uku, yana ɓata lokaci, ga maƙwabcinsa yana zuba falle ɗaya a araha, yara suna yawo da shi a tashar mota. A ganina telolin da suka tsaya a kan ninki uku a wannan yanayi sun yi aikin lafiya na gaske, ko da ba wanda ya rubuta sunansu a wata takarda. Wanda ya ɗinka falle ɗaya ma ba na ɗora masa laifin duka, domin abin da aka tambaya ya bayar, kuma iyalinsa na jiran cefane.

Akwai gwaji mai sauƙi da mai saye zai yi tun yana shagon. Ya ɗaga takunkumin ya duba rana ta cikinsa: in yana hango ramukan saƙa ɗaya bayan ɗaya, ya ajiye. Ya saka, ya yi magana, ya buɗe baki: in yana zamewa daga hanci, ko iska tana fita ta gefen kunci, awon bai yi ba. Mai gemu ya sani cewa gashin yana buɗe hanya ta gefe, sai ya nemi mai igiya ya ɗaure da kyau. Shadda mai ƙyalli da sitaci, da duk yadin da aka shafe da roba ko gam, suna hana iska ratsawa, sai numfashi ya nemi gefe, amfanin ya tafi.

Ko an dace da ɗinki, sauran aiki na hannun mai sawa. Mun sha ganin takunkumi rataye a haɓa, ko a cusa shi aljihu tare da goro da canji, a fito da shi an doshi ofishin duwan. Ƙa'idar ita ce a kama shi ta igiya, kada a taɓa gabansa, a wanke hannu kafin sawa da bayan cirewa. In ya jiƙe da gumi a canza, kuma tsarin AFNOR bai yarda a wuce awa 4 da guda ɗaya ba. Wanki kullum ne, da sabulu da ruwan zafi mai digiri 60. Inda babu irin wannan ruwan zafi, Hukumar Lafiya ta ce a wanke da sabulu sannan a tafasa shi minti ɗaya. Ba a aron takunkumi ko tsakanin miji da mata, kuma ba a saka wa yaro ɗan shekara 5 zuwa ƙasa. Shi ya sa tela mai gaskiya yakan ce wa ɗan kabu-kabu, "Ɗauki biyu, ɗan'uwa, ɗaya na fuska ɗaya na shanya."

Kasuwar ba ta daɗe ba. An buɗe masallatai ranar 13 ga Mayu 2020, tsoro ya ragu, takunkumin kamfani mai ruwan bula ya cika ko'ina da araha. Alƙaluman hukuma sun nuna waɗanda suka kamu a Nijar ba su kai 10,000 ba, mamata 300 da 'yan kai, kuma ranar 5 ga Mayu 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye dokar ta-ɓaci a kan cutar. Teloli suka koma ga jamfa da riga da zane. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 aka toshe gadar Malanbil, mutane da kaya suka koma ƙetare kogi a jirgin ruwa, damuwar tela ta koma kan tsadar yadi.

Amma tari bai bar gari ba. Duk hunturu ƙura tana turnuƙe hanyar Dosso, mura tana bin gida-gida, mai asma yana kwana a zaune. Kakanninmu da amawalin rawani suke tare wannan ƙura, ɗan kabu-kabu na yau kuma da na kamfani, wanda aka yi don sawa ɗaya, amma sai ya yi mako da shi har ya yi baƙi. Na yadi mai ninki uku da ake wankewa kullum ya fi wannan. A motar haya mai cunkoso, ko a layin asibiti, mai tari da ya rufe bakinsa da hancinsa ya rage wa na kusa da shi haɗari, domin babban aikin takunkumin yadi shi ne tare feshin da ke fita daga mai shi.

Yana da iyaka, kuma bai kamata tela ya yi alkawarin da yadi ba zai cika ba. Ma'aikacin asibiti da mai jinyar mai tarin fuka na musamman suke buƙata, irin N95 ko FFP2, masu tace ƙananan ƙwayoyi da kama fuska tsam. Sanƙarau da ya kashe ɗaruruwan mutane a Nijar a 2015, har da jihar Dosso, da mashaƙon da ya ɓulla a jihar Damagaram a 2023, allurar rigakafi ce maganin gaba da su. Tarin da ya wuce mako biyu kuma na likita ne, ba na shagon ɗinki ba.

Ina roƙon iyayen gida a wannan sana'a kada su bar wannan ɗinki ya ɓace daga hannun yaransu. A ajiye kwalin awon a cikin akwatin keke, a koya wa sabon yaro dalilin kowane ninki kamar yadda ake koya masa wuyan riga. Kai kuma mai karatu, kafin hunturu ya kama, kai wa telanka ƙyallen auduga wankakke, ka ce a yi maka guda biyu masu tattara, ninki uku, babu ɗinki a tsakiya, kuma ka biya shi kuɗin ninki ukun ba tare da ja-in-ja ba.