Hunturu a Garin da Ya Saba da Zafi

Duk wanda ya san Maiduguri ya san ta da zafi, domin a watan Afrilu ma'auni kan haura digiri 40. To, amma da zarar hunturu ya kankama a Disamba da Janairu, iska ta kwaso ƙura daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, sai ka ga magidanta sun nufi Kasuwar Monday neman rigunan gwanjo, ana toshe tagogi da tsumma, mai shayi kuwa kasuwarsa ta buɗe. Abin tausayi su ne almajirai, waɗanda kan kewaye wutar kara har asuba.

Dusar ƙanƙara dai ba ta sauka a Borno, amma abin da ya auku a Jihar Tekzas ta Amurka cikin Fabrairun 2021 ya shafe mu. Su ma can ba su saba da tsananin sanyi ba. Da dusar ta sauka, lantarki ya ɗauke, wasu suka kunna gawayi ko janareta cikin gida suka rufe ƙofa, iskar guba marar launi marar wari ta halaka su. Hukumomin jihar sun ƙirga mutum 246 da sanyin ya yi ajalinsu ta hanyoyi dabam-dabam.

Irin wannan garwashi ne ake kwana da shi a kasko a ɗakunanmu. Ya kamata a fitar da shi tsakar gida kafin a kwanta, a kuma bar kafa a taga.